Rabin maganar da ake haɗiyewa: yadda sara ke yawo gari-gari

Tambaya: Malam, ina karatun Ingilishi a jami'a a Yamai. An koya mana cewa talakawan gabashin Landan suna da wata sara da suke ɓoye kalma a bayan wata mai amsa-amo da ita, har abin ya zama alamarsu. Yaya irin wannan magana ke tashi daga unguwa guda ta kai wata ƙasa? Mu Hausawa kuma muna da irinta?

Amsa: Ɗiyata, tambayarki biyu ce, kuma ta biyun ta fi zaƙin amsawa, amma sai mun bi ta kan ta farko. Muna da abubuwan da ke yi mana aikin da sarar Landan ke yi wa mutanenta, har da yawa, sai dai namu ba su rataya ga amsa-amo ba. Dalilin yana cikin ginin harshenmu, kuma zan zo kansa.

Ga yadda tasu take. Mutum yana son ya ce "look", wato dubawa. Sai ya nemo ƴar gajeriyar magana wadda ƙarshenta ya yi amo ɗaya da kalmar, ya ce "butcher's hook", ƙugiyar da mahauci ke rataye nama. Da nan aka tsaya, da wasan yara ne, duk mai kunne zai gano. To sai su datse ƙarshen, daidai inda amon yake, su bar "butcher's" kaɗai. Baƙo ya ji ana ambaton mahauci, ya waiga bai ga nama ba bai ga wuƙa ba, alhali cewa aka yi a zo a duba wani abu. Haka "loaf of bread", curin burodi, ya tsaya a madadin "head", kai. Yau Bature zai ce wa ɗansa ya yi aiki da "loaf" ɗinsa, yana nufin ya yi hankali, kuma da yawa masu faɗar haka ba su taɓa sanin akwai wani rabi da aka yanke ba. In na ƙirƙiro miki misali da Hausa don ki ji a kunnenki: a ce muna son mu ɓoye "kuɗi", sai mu ce "baƙi da shuɗi", sannan mu yar da "shuɗi". Daga nan in na ce miki yau ba ni da baƙi, ke kin san aljihuna ne ya bushe, na kusa da mu kuwa ya ɗauka gidana ne ba kowa. Ki riƙe wannan: ƙarfin sarar duk yana ga rabin da aka haɗiye. Wanda ya san shi ɗan gida ne.

Abin ya fito fili a Landan wajen shekarun 1840. A 1859 wani mai sayar da littattafai, John Camden Hotten, ya buga ƙamus na maganganun titi, ya sa jerin irin waɗannan kalmomi, ya kuma danganta su da masu yawo suna rera waƙoƙi suna tallar takardun labarai a bakin hanya. Ki lura da su wane ne waɗannan: mutanen da bakinsu ne jarinsu, masu neman tara jama'a da daɗin lafazi. Daga gare su abin ya shiga ƴan kasuwa, masu tura amalanke da ƴan dakon tashar jiragen ruwa, waɗanda ake kira Kokni. An sha faɗin cewa don a ɓoye wa ƴan sanda magana aka ƙirƙiro ta. Ni ban ba wannan nauyi da yawa ba. Ɗan sandan da ke kwana a unguwa mako biyu ya ishe shi ya haddace, sau da yawa ma ɗan unguwar ne. Abin da ke raya irin wannan magana shi ne daɗin da mai faɗa ke ji in abokinsa ya cafke ma'anar nan take, da dariyar da ke biyo baya. Sirri yana ciki, amma nishaɗi ya fi shi yawa.

Yadda ta bazu ba wani abin al'ajabi ba ne, ƙafa ce ta kai ta. Jiragen ruwa sun kwashi talakawan Ingila zuwa Ostareliya, suka tafi da dabarar, can kuma aka haifi sababbi da abin da ke gabansu: babban kifin nan na teku mai cin mutane, "shark", suka laƙaba masa "Noah's ark", jirgin Annabi Nuhu, suka datse ya koma "Noah". Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun haɗa ɗan Landan da ɗan ƙauye a bariki ɗaya, kowa ya koma gida da abin da ya tsinta. Bayan haka rediyo da talabijin suka kai ta ɗakunan da ba su taɓa ganin Kokni ba. Tana kuma sabunta kanta da sunayen mashahuran zamani: Ruby Murray, mawaƙiyar shekarun 1950, sunanta ya zama sunan miyar Indiyawa, "curry", har yau ana cewa a je a ci "Ruby" ko da masu cin ba su san waƙarta ko ɗaya ba.

Misalin da na fi so shi ne na birnin Gilasgo a Sikotland. Can in an ce mutum "corned beef" ne, naman gwangwani, ana nufin kurma ne. A bakin ɗan Landan kalmar "deaf", wato kurma, da "beef" ba su haɗa amo ba ko kaɗan. A bakin ɗan Gilasgo kuwa, da yake "dif" yake furta ta, sun haɗu daram. Ke nan wannan sara ba ta buɗuwa sai da lafazin garin. Duk inda kika ji ta, ta riga ta gaya miki inda mai ita ya sha nono. Nan ne amsa-amo ya fi sauran dabaru iya nuna asali, don yana manne da yadda harshe ke motsi a baki, abin da mutum ba ya iya sauyawa dare ɗaya.

Yanzu mu dawo gida. Me ya sa Bahaushe, da duk gwanintarsa ta sarrafa magana, bai gina sara a kan amsa-amo ba? Ki ɗauki kalmomi goma na farko da suka zo miki: ruwa, gona, kasuwa, rana, duniya, mota, hanya, riga, miya, fura. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, wasulan kuma biyar ne, gajeru da dogaye, sannan mafi yawan sunaye na mace da "a" suke rufewa. Amsa-amo a wurinmu araha gare shi. In na ce miki kalmar da na ɓoye tana amo da "gona", na bar ki da ɗaruruwan kalmomi, ban ba ki makulli ba. Ingilishi kuwa cike yake da gajerun kalmomi masu ƙarewa da baƙaƙe, waɗanda ke amo da kowace ɗaya ba su da yawa, shi ya sa mai saurare ke iya laluben hanya. Sannan mu muna da karin sauti. Ki sake furta misalina: "kuɗi" sama-sama take tafiya, "shuɗi" kuwa ta hau ta sauko. A takarda sun yi kama, a kunnen Bahaushe akwai ɗan gibi. Marigayi Farfesa Ɗalhatu Muhammad na jami'ar Zariya ya nuna cewa mawaƙanmu kan daidaita ƙarshen layuka da karin sauti, ba da harafi kaɗai ba.

Ƙafiya, wato amsa-amon ƙarshen baiti, ta zauna sosai a rubutacciyar waƙa, wadda malamai suka ɗora bisa tsarin Larabci, musamman daga zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi cikin jiharmu ta Tawa, da ɗiyarsa Nana Asma'u. Makaɗan baka kuwa, irin su Ɗan Gurmu namu na Adar, sun fi dogara ga amshi da kiɗa da nauyin kalma. Wato ƙafiya a wurinmu ta daɗe tana zaure wajen malamai, ba ta sauko tasha da mahauta ba sai a baya-bayan nan.

To da me muke ɓoye magana? Da karin magana mai ɓari biyu, kuma in kin duba da kyau aikinsa ɗaya da na Kokni. "Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki." Ɓari na farko shi ne ma'ana, na biyu shi ne mayafi. Ɗan gida ba ya buƙatar duka biyun. Ranar da albashi ya fito sai ki ji wani ya shigo yana cewa, "Yau dai matar falke ta haihu," kowa ya gane, baƙon da ya koyi Hausa a aji kuwa ya fara shirin zuwa barka. Ko a ga wani ya zo da abin da ba a saba ba, a ce "kiran salla da usur", a haɗiye "sabon salo". Ko a yi wa mutum tambayar da aka san amsarta, ya ce "an ce da gwauro ina iyali", ya bar miki "zance kake so" ki ƙarasa da kanki. Kuma yadda Turawa ke sauya sunan mawaƙiya in zamaninta ya wuce, haka mu ma: da fatauci da jakuna ya ja baya sai aka ji "matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo", wasu kuma "matar direba ta haifi mota". Ginin bai motsa ba, kayan cikinsa ne ke bin zamani. Abin da ke ɗaure ɓarin biyu a wurinmu ɗan labari ne, hoto mai ban dariya, a maimakon amo.

Kirari ma haka yake aiki. Mutum ya ce zai tafi ta Dabo, ba sai ya ce Kano ba. Ya ce daga birnin Shehu yake, kin san Sakkwato. Sunayenmu na yanka kansu suna da abokan rakiya da kan maye gurbinsu: Garba ga Abubakar, Sanda ga Ummaru, Kalla ga Musa, Maitama ga Yusufu. Uwar da ke alkunyar sunan ɗan fari ko na suruki da irin waɗannan take fita kunya. Wanda bai tashi cikinmu ba ba shi da hanyar da zai bi daga "Sanda" ya isa "Ummaru". Sai an gaya masa. Ko ƙidayar kuɗinmu ta Nijar tana da rabin da ake haɗiyewa. Mai tumatir ta ce miki "ashirin", ke kin san dala ashirin take nufi, ki miƙa mata tamma ɗari. A ce jika, kin san dubu ce. Bahaushen Najeriya da ya sauka Ƙwanni yau, harshe ɗaya muke yi da shi, amma a nan sai ya tsaya lissafi.

Zaurance shi ne ya fi kusa da ɓoyewa tsagwaronta: a cusa gaɓa bayan kowace gaɓa, "zo mu tahi" ta koma "zobo mubu tabahibi", ko a juya kalma, "gida" ta zama "dagi". Ƴan mata da yara suka fi yin sa, kuma ba ya nisa, don ƙa'ida ɗaya ce, ranar da aka gane ta an gama. Irinsa ne abin da matasan unguwannin gefen Paris ke yi da Faransanci, suna juya kalma, inda "femme", wato mace, ta koma "meuf".

Batun bazuwa a ƙasarmu kuwa, ki bi hanyar mota ki bi hanyar biɗa, wato ci-rani, za ki ga sawun kowace kalma. Keken nan mai ƙafa uku da muke hawa a Tawa da Maraɗi da Damagaram muna ce masa adaidaita. Asalin maganar ta masallaci ce, abin da liman ke faɗa kafin kabbara: a daidaita sahu. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya hau mulkin Kano a 2003, ta ɗauke ta ta sa wa shirinta na gyaran tarbiyya, aka kawo kekunan don ɗaukar mata, sunan shirin ya manne musu. Keken ya ƙetaro iyaka da sunansa, "sahu" ya faɗi a hanya. Yaron da ke tuƙa shi yau a unguwar Kuwait bai san shirin ba, bai kuma damu ba. "Tazarce" ta yi irin wannan tafiya: an yi ta a Najeriya a 1998 lokacin da ake kiran Janar Sani Abacha ya zarce, har ta zama sunan wata doguwar riga, sannan ta ɓulla a Nijar a 2009 zamanin Tanja Mamadu. Yunwar 1984 kuwa mutanenmu suka sa mata El-Buhari, don a shekarar ce gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka, hatsi ya daina shigowa. Kalma ɗaya ta ɗauke fari da rufe iyaka da tsadar gero gaba ɗaya, kuma wannan "El" ɗin, a inda Bakano zai ce "ƴar", ya isa ya nuna daga wane ɓangaren iyaka sunan ya fito.

Mu Adarawa kuma muna da wata babbar ƙofa da sauran Hausawa ba su kai mu amfani da ita ba, ita ce tafiya biɗa. Da an gama girbi samarin Keita da Buza da Illela sun kama hanya, wasu Abijan, wasu Libiya da Aljeriya, wasu Kamaru da Najeriya. Abijan tana da sararta, nushi, wadda ta taso cikin yaran titi daga ƙarshen shekarun 1970, ta cakuɗa Faransanci da Julanci da Baule da wasunsu, sannan kiɗan zuglu na ɗaliban jami'a ya fito da ita duniya wajen 1990, kupe-dekale ya biyo baya. Yau wasu kalmominta sun shiga manyan ƙamusoshin Faransa. Mu ba daga ƙamus suka zo mana ba, a bakin ɗiyanmu suka zo.

Ki zauna kusa da wata fada a Tawa bayan isha'i, gab da damina lokacin da ƴan biɗa ke dawowa noma, ki kasa kunne. Buta tana kan gawayi, ƙaramin cikinsu yana fifita, ana jiran na fari. Wanda ya dawo daga Abijan yana zaune a kan benci da sabon takalmi, yana ba da labarin yadda wani ɗan garinsu ya sauka tasha aka sayar masa da salula marar rai. Ya ce, "Ai gawu na, shi ya sa." Ba wanda ya tambaye shi mene ne gawu, tambaya a nan faɗuwa ce. Labarin ya riga ya fassara ta: baƙauye, wanda idonsa bai buɗe ba. Aka yi dariya. Kafin a sha na biyu, mai fifita wuta ya zubar da ɗan shayi garin juyawa, wani ya ce masa, "Kai gawu!" Shi kuma gobe a lakwal zai faɗa wa wanda bai kai shi ba. Ki lura da abu uku da suka haɗu a nan: kalmar ta zo a bakin wanda ake sha'awa, ta zo cikin labari mai daɗi, kuma akwai wanda za a jefa da ita nan take. In ɗaya ya ɓace cikin ukun, da wuya ta kwana. Sara kamar ɗibar wuta take a unguwa, ba mai zuwa nesa nemanta, kowa daga murhun maƙwabcinsa yake ɗiba, amma kafin hantsi duk gidaje sun hura.

Fadar kanta ba tsohuwar aba ba ce a wannan siffa. Ta yaɗu ne a shekarun 1990, bayan taron ƙasa na 1991, lokacin da aikin gwamnati ya yi wuya, samari masu takarda suka yi yawa a bakin titi, gidajen rediyo masu zaman kansu kuma suka buɗe suna karanta gaisuwar fada-fada da sunayensu. Kowace fada da sunanta a jikin bango da kalmominta na cikin gida. A lokacin ne kuma ƴan rap na Yamai suka taso suna haɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci a layi ɗaya, su da mawaƙan finafinan Kano suka saba wa kunnen yara da ƙafiya mai faɗowa a ƙarshen kowane layi. Don haka ba zan yi mamaki ba in jikokinmu suka fara ɓoye kalma a bayan amo. Kunnen da zai karɓi abin an riga an gina shi.

Kada kuma ki ɗauka maza ne kaɗai ke jan wannan kaya. Gidan biki ya fi fada saurin yaɗa magana, don yana haɗa matan garuruwa da yawa a kwana biyu. Habaici sana'ar da mata suka ƙware a kai ce, shi kuwa dukansa rabin magana ne. Har zane sukan sa wa suna ya zama saƙo. A kasuwannin Abijan da Lome akwai atamfar da ake kira idon kishiyata, akwai mijina mai iyawa ne, mace ta ɗaura ta wuce ba ta ce uffan ba amma ta gama magana. Filin kokowa shi ma makaranta ce. Tun da aka fara gasar ƙasa a nan Tawa a 1975, kirarin ƴan kokowa da baʼar ƴan kama ke shiga rediyo su zaga jihohi takwas cikin kwana goma. Salula ta zo ta gajarta duk wannan. Muryar da aka ɗauka a Agadas da safe tana Gaya kafin azahar. Abin da na lura shi ne sarar da ta zo ta waya tana saurin kamawa tana saurin mutuwa, wadda ta zo a bakin mutum kuwa takan yi saiwa.

Sai batun asali, wanda shi ne zuciyar tambayarki. Yamai wuri ne mai kyau na ganin wannan, don gari ne da Zabarmanci da Hausa da Faransanci ke gogayya a kasuwa ɗaya, har ƙananan motocin haya sunan Zabarmanci gare su, faba-faba, kuma Bahaushe ma haka yake kiransu. Ki je kasuwar Katako ki tsaya wajen masu kayan gini. Mai saye ya yi tayi da Hausar kowa da kowa, mai kaya ya faɗi kuɗi. Mai saye bai ji da kyau ba, bakinsa ya suɓuce ya ce, "Mi kac ce?" Sai ki ga mai kaya ya ɗago kai: "Kai ɗan ina na?" "Buza." "Wane gari cikin Buza?" Daga nan ciniki ya sauya fuska, a jawo benci, a tambayi ruwan bana, a rage abin da za a rage. Gaɓa uku suka yi wannan aiki. "Biyat" a maimakon "biyar", "munka" a maimakon "muka", "tahi" a maimakon "tafi", duk takardar shaida ce da ba a jabunta cikin sauƙi. Sara tana hawa kan wannan ta ƙara tacewa: lafazi ya nuna yankinka, sara ta nuna tsararka da sana'arka da inda ka taɓa zuwa.

Tana haɗawa, tana kuma warewa, kuma bai kamata a ɓoye na biyun ba. Kalmar da ta sa mutum biyar dariya ta bar na shida a waje. Yaron ƙauye da ya zo karatu birni ya san zafin a yi magana a gabansa da harshen uwarsa amma bai gane ba. Abin da ke rage mana kaifin wannan shi ne wasan barkwanci na dangi, tsakanin Bagobiri da Bazabarme, Ba'are da Bafillace, Babarbare da Bafillace, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. Al'ummar da ta saba a yi wa lafazinta ba'a a yi dariya tare ba ta cika mai da bambancin baki abin gaba ba.

Akwai kuma wani juyi da ke faruwa duk inda sara ta yi farin jini. Da ta fita hannun masu ita, sai su bar ta su ƙera wata. Ƴaƴan Larabawa a Faransa sun juya "arabe" ta koma "beur", suna kiran kansu da ita. Da jaridu da ƴan siyasa suka karɓe ta bayan macin ƙin wariyar launin fata na 1983, sai yaran suka sake juya ta ta koma "rebeu". A Landan kuwa abin ya kai inda sarar ta fi masu ita zama a unguwar. Iyalan Kokni da yawa sun ƙaura zuwa yankin Essex, gabashin birnin ya cika da ƴan asalin Bangaladash da Afirka da Karibiyan, matasansu kuma suna da nasu salon Ingilishi dabam. Duk da haka a 2009 wani kamfani ya sa wa wasu na'urorin cirar kuɗi na unguwar zaɓin yin magana da sarar Kokni. Ta tashi daga maganar yau da kullum ta koma tuta, abin da ake ɗagawa don a tuna su wane ne.

Wannan ne ke damuna game da Adaranci. Finafinai da waƙoƙi da wa'azin da ke cikin salular yaranmu kusan duk da Kananci suke zuwa, kuma ina jin ɗiyan Tawa suna gyara bakinsu in sun shiga Yamai, kamar "munka" abin kunya ce. Ba na ƙin Kananci, shi ne ya ba mu Hausar rubutu da muke haɗuwa a kanta, da ita ma nake amsa miki. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, buƙatar daidaitacciyar Hausa za ta ƙaru a lakwal da ofis, kuma haka ya dace. Amma karin maganar Adar da habaicinta da kirarinta a lafazin Adar aka ƙera su, in aka juye su cikin wani baki sukan rasa gishirinsu, kamar dai yadda naman gwangwanin Gilasgo ba ya aiki a Landan. Kuma mafi yawansu ba a rubuce suke ba.

Tunda kina jami'a, ga aikin da za ki iya yi da abin da ke hannunki. Duk sarar da kika ji, ki rubuta ta da ɓarinta biyu, wanda aka faɗa da wanda aka haɗiye, ki sa wurin da kika ji ta da irin mutumin da ya faɗa, shekarunsa da sana'arsa da garin da ya taso, ba sai da sunansa ba. Ki ɗauki murya in an yarje miki, don takarda ba ta riƙe karin sauti. Ki rubuta yadda aka furta, kada ki gyara "biyat" ta koma "biyar". Sannan ki kai kalma ɗaya wurin mutum uku, tsohuwa da magidanci da ɗan lakwal, ki tambayi kowannensu daga ina ta fito. Za ki tarar wani ya san duka ɓarin biyu da labarinsu, wani ya san ma'ana kaɗai, wani kuma ya ƙirƙiro mata sabon asali da ya gamsar da shi. Shi ma wannan ki rubuta shi, kada ki ce kuskure ne. Tsarar da rabin maganar ya ɓace a hannunta ita ke nuna miki lokacin da kalmar ta bar gidan da aka haife ta, garuruwan da suka riƙe shi kuma su ke nuna miki hanyar da ta biyo.